Tsohon Kifin da Muka Mayar Tafki

Mun tashi da asuba, ladan bai gama sauke murya ba, ni da uwargidana Hajiya, a motar wani maƙwabci da ya ce shi zai kai mu filin jirgin sama na Kano. Ku abokan zaman ƙofar gida kun ce in na dawo in rubuta muku abin da na gani a Landan, kada in rage komai. To ga shi, har da inda na sha kunya.

Ɗanmu na fari, likitan nan, shi ya aiko da kuɗin jirgi. Ya sayi gida a can, yana so mu sa masa albarka, mu kuma ga jikokinmu biyu da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Babban namiji ne, shekararsa takwas. Sunana aka sa masa, don haka iyayensa ba sa kama sunan, Abba suke ce masa. Ƙaramar mace ce, ba ta daɗe da iya magana ba.

Filin jirgi ya cika maƙil. Tun da kuɗin man fetur ɗin nan suka shigo, kowa ya zama matafiyi. Na ga 'yan kasuwa da manyan akwatuna babu komai a ciki, za su je su cika su da takalma da agoguna su dawo. Mu namu akwatin da ƙyar aka rufe shi, don Hajiya ta danna masa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da kilishi da daddawa. Da muka sauka, ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawar, ya kai hanci, ya ja da baya, ya ɗaure mana kayanmu da hannunsa ya nuna mana ƙofa.

Kun san halina. Tun ina saurayi nake sayen 'yan littattafan nan na kasuwa masu labarin masoya, kuma har yau ba su sake ni ba. Duk tsawon zaman jirgin, ina kallon gajimare a ƙarƙashinmu kamar auduga da aka shanya, ina ta tsara yadda haɗuwarmu da takwarana za ta kasance. Zai sheƙo da gudu, in buɗe babbar riga in lulluɓe shi, kowa ya share hawaye. Na faɗa wa Hajiya. Ta ce in bar ta ta ji da kunnuwanta da suka toshe.

Sanyi ne ya fara yi mana maraba, irin mai shiga ƙashi ba sallama. Likita ya zo da manyan riguna biyu ya yafa mana. Muka ratsa gari, muka haye kogi, muka nufi unguwarsu, Lewisham. Gidajen jan bulo ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, kamar tela ya ɗinke su. Lokacin zubar ganye ne. Itatuwan bakin titi sun koma ja da ruwan ɗorawa, iska na kaɗo ganyen a kan motoci. Na ce wa Hajiya dubi yadda gari ya shimfiɗa mana zinariya. Ta ce wa zai share wannan duka.

A bakin ƙofa surukarmu ta durƙusa ta gaishe mu. Ƙaramar ta faɗa jikin Hajiya kamar ta san ta tun asali. Shi kuwa takwaran nawa yana tsaye a bayan uwarsa, sanye da rigar sanyi, ya sa hannu a baya, yana kallona da manyan idanu irin na mahaifiyata. Zuciyata ta cika har ta rasa wurin zuba, sai na yi abin da kowane kaka ke yi a ƙasarmu.

Na ce, "Af, wannan mummunan ne aka ba sunana? Dubi kunnuwa kamar faifai. Kai rago, na ji labari wai kana shirin ƙwace mini mata. To ka yi kaɗan."

Kowa ya yi dariya. Yaron ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya juya ya hau bene. Muka ce kunya ce.

Bari in ba ku labarin gidan. Tsoho ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma mun tarar ana tsakiyar gyaransa. Bangon ɗakin ƙasa yana tsattsafar da ruwa. Banɗakin asali a bayan gida yake, cikin wani ɗan lambu, likita ya sa aka gina sabo a sama, ya kuma sa aka kafa famfo ƙasa-ƙasa saboda alwala, abin da mai aikin famfon ya kasa gane amfaninsa. Abin da ya fi ba ni mamaki, sauran aikin duk likita ke yi da hannunsa. Ya dawo daga asibiti, ya tuɓe kwat, ya sa tsohon wando, ya hau tsani da buroshi. Na tambaye shi ko babu leburori a garin. Ya ce, "Baba, akwai, amma in na kira su, su za su ci albashin, mu mu ci bango."

Ba fenti kaɗai suke shafawa ba. Wata takarda ce mai zane ake mannawa a bango daga sama har ƙasa. Na ce ba zan zauna ina ci ina kwanciya ba, aka ba ni aikin shafa gam. Ranar farko na manna falle uku a ɗakin yara, furannin duk kansu a ƙasa. Surukata ta daɗe tana kallo, sai cikin ladabi ta ce, "Baba, sun yi kyau, kamar suna ruku'u."

Takwarana yana nan tare da mu a duk aikin nan, yana miƙa almakashi, yana riƙe bokiti. Hausa kuwa yana jin ta sarai, sai dai da Turanci yake amsawa. Ni kuma kullum ina ƙara masa. In ya zubar da gam in ce ragon banza, in ya ci abinci in ce zai cinye gidan ubansa. Ina jiran ranar da zai rama, don a nan daɗin yake. Bai rama ba. Sai ma ya daina zama inda nake. In na shigo falo, ya tuna da aikin makaranta.

Tsanin da muke hawa na maƙwabcinsu ne, wani tsohon Bature da ya yi aikin lodin jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Mutumin kirki ne, ba ya rabo da hula da lofe. Kullum da yamma sai in hango takwarana ta taga, ya tsallaka ɗan shingen da ya raba lambunan, sun duƙa su biyu suna gyaran kayan fatsa, yaron na ta zuba surutu yana dariya. Wata rana na ji sunan da yake kiransa da shi, na tambayi likita ma'anarsa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kaka yake nufi." Tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Mun ɗan zaga gari. Mun hau bas mai hawa biyu, Hajiya ta ƙi hawa saman, ta ce ba za ta zauna inda babu direba ba. Mun je kasuwar Deptford, inda ake samun doya da manja da busasshen kifi a wurin mutanen ƙasashenmu. Doya ɗaya kuɗinta ya isa cefanen gida a Kano, kuma ana kallonta kamar gwal. Nama sai an je wurin wani mahauci Bapakistane. Madara kuwa har ƙofa ake ajiye ta a kwalabe tun da sassafe, babu mai taɓawa sai tsuntsaye. Na ja Hajiya wani lambun shaƙatawa, na ga tsofaffin Turawa suna tafe riƙe da hannun juna cikin hazo, na miƙa nawa hannun. Ta dube ni ta ce, "Malam, da jikoki?" Amma da muka zo wurin santsi ita ta kamo hannun rigata, kuma ba ta saki ba har muka fita.

Zamanmu ya fara karkata zuwa ƙarshe lokacin da surukata ta same ni ni kaɗai ina wanke buroshi. Ta durƙusa, ta daɗe tana jan gefen mayafi.

Ta ce, "Baba, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Abba ne. Jiya ya tambaye ni me ya yi maka da ka taso tun daga Nijeriya don ka tsane shi."

Na ce, "Tsana?"

Ta ce, "Laifinmu ne, ba mu taɓa gaya masa wasan kaka da jika ba. Nan babu wanda zai gani ya koya. Har cewa ya yi ko za a iya canza masa suna, tunda mai sunan ba ya so."

Na ajiye buroshin. Shekaru takwas ina ɗauke da hoton yaron nan a aljihun gaba, ina nuna muku har kuka gaji. Ga shi na zo da kaina na sa yana neman ya ajiye sunana. Kwanakin da suka rage ba su da yawa, kuma a shekaruna mutum ba ya cewa zai sake ƙetare teku.

Na gwada gyarawa. Na daina tsokana, na koma yabo. In ya wuce in ce yaron kirki, in ce Allah ya yi albarka. Sai ya dube ni da gefen ido kamar mai jiran inda duka zai fito. Hajiya ce ta kira shi ɗakin girki ya taya ta tsince shinkafa, ina jin su daga falo. Ta ce masa a ƙasarmu kakan da ke zaginka shi ne mai son ka, kuma doka ce ka rama. Ta ce ita ma matarsa ce, ni aro na yi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya amsa da Turanci. Uwarsa ta fassara mini daga baya: wai malamarsu ta ce ba a yi wa tsofaffi rashin kunya. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ana nan sai tsohon maƙwabcin ya aiko cewa ranar Asabar za su je kamun kifi shi da yaron, ko baƙo zai so zuwa. Na ce ina so. Kun san a Wudil na tashi, a bakin kogi, kuma ko da ba gidan masunta na fito ba, na ɗana fatsa tun ban iya ɗaura wando ba. Na ce wa Hajiya ta tanadi yaji da albasa, farfesu za ta sha. Likita ya kai mu a motarsa.

Mun bar gidaje a baya, muka shiga karkara, hanya ta ƙanƙance tsakanin shingayen ciyawa. Tafkin wani tsohon ramin tsakuwa ne da ruwa ya cika. Ban taɓa ganin wuri mai shiru irinsa ba. Hazo na tashi daga ruwan kamar tururin tukunya, itatuwa sun kewaye shi da jajayen ganye, kowane ganye in ya faɗo sai ya yi ta juyi a kan ruwa kafin ya kwanta. Ga mutane nan jefi-jefi a gaɓa, kowa kan 'yar kujerarsa ƙarƙashin lema, ba mai yi wa wani magana. Sai an biya kuɗi a wata 'yar rumfa kafin a jefa ƙugiya. Na ce a raina, lallai kifin nan da daɗi.

Tsohon ya ba ni sanda doguwa mai ƙarfen naɗe zare. Ni na saba da kara da zare da tana. Jifata ta farko ƙugiyar ta kama reshen itace a bayana, ta biyu ta kama hular likita. Daga nan na zauna, na yi ta kallon ɗan toton da ke yawo a kan ruwa, shi ma yana kallona. Tsohon ya zuba mana shayi daga gora, muka ci burodi da ƙwai. Takwarana yana gefen tsohon, ya ba ni baya.

Rana ta ɗan daga sai sandar yaron ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Ya miƙe yana ja, abin na jan sa, takalmansa na zamewa a laka zuwa gaɓa. Tsohon ya tafi rumfa, likita yana nesa. Ni ne kusa. Na taso na rungume shi ta baya, na ɗora hannuwana a kan nasa. Na ce, "Sassauta masa. Bar shi ya gudu. Yanzu ja." Bai dube ni ba, amma duk abin da na ce yana yi. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina kamar ta ɗan tsako. Mun daɗe muna wannan kokawa kafin kifin ya gaji, tsohon ya iso da ragar hannu ya kwaso shi.

Kifi ne mai faɗin ciki, ya ɗara cinyata kauri, ɓawonsa kamar tagulla da aka goge. Na yi hamdala. Na riga na ga tukunya a kan wuta. Na waiwaya na sami wani guntun itace, na durƙusa, na ɗaga hannu zan kwaɗa masa a ka kamar yadda ake yi.

Sai ƙananan hannuwa biyu suka riƙe mini wuyan hannu.

"Kaka, a'a. Kar ka kashe shi."

Da Hausa ya faɗa. Hausar ta karkace, amma Hausa ce, kuma ni ya kira Kaka.

Likita ya ƙaraso da sauri ya yi mini bayani. Wai a nan ba a tafiya da kifi. A kama, a auna, a duba, a mayar. Wannan ma sananne ne a tafkin, tsohon ya nuna mini wani tabo a gefen bakinsa, ya ce shi kansa ya taɓa kama shi tun matarsa na da rai. Na dubi mutanen da ke zaune cikin sanyin nan tun safe, sun biya kuɗi, za su koma gida hannu wofi da gangan. Ban gane ba, kuma har yanzu ban gama ganewa ba. Amma yaron bai saki hannuna ba, idanunsa sun kawo ruwa.

Ya ce, "Tsoho ne. Kamar kai."

Na yar da itacen. Na naɗe hannun riga, na tallabo kifin kamar jariri, na taka zuwa gaɓa. Tsohon ya nuna mini kada in jefa, in riƙe shi cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa. Na shiga har gwiwa, sanyi ya sare ni kamar wuƙa. Takwarana ya tsuguna a bakin ruwa ya sa hannu a bayan kifin. Muka riƙe shi mu biyu. Can ya motsa, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya nutse cikin duhun ruwa.

Da na juyo zan fito, laka ta riƙe takalmina, na zauna daɓas cikin tafkin Ingila da babbar rigata. Suka jawo ni, ina ɗiga, hula ta karkace. Yaron ya tsaya yana kallona, yana danne dariya. Ya dubi ubansa kamar mai neman izini. Uban ya kau da kai yana murmushi.

Yaron ya ce, a hankali, yana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Ragon tsoho. Ko kifi ɗaya ba ka kama ba."

Na ce, "Kai, mai kunnen faifai, ni kake gaya wa?"

Ya ja da baya taku ɗaya, ya ga ina dariya, sai ya dawo. "Mummuna," in ji shi. "Hajiya ba ta son ka."

Tsohon Bature ya tambayi likita me muke cewa. Da aka fassara masa ya cire lofe daga baki, ya dube mu, ya girgiza kai, ya lulluɓa mini bargonsa. A hanyar dawowa yaron a gefena ya zauna, ya yi ta zagina har barci ya ɗauke shi a kan jiƙaƙƙen hannun rigata. Hajiya ta tarbe mu da albasa a yanke, ta leƙa hannuwanmu, ta leƙa fuskokinmu, ba ta tambayi kifi ba. Miyar kuka muka sha.

Sauran kwanakin sun gudu. Mun gama manna takardar falo, mun shafa wa ƙofar gida koren fenti, ni da shi, yana cewa hannuna na rawa, ina cewa gajarta ta hana shi kaiwa sama. Ƙaramar ma ta koya, ta riƙa bina tana cewa tsoho, tsoho. Ranar tafiya na shiga na yi wa maƙwabcin sallama, na ba shi hular da Hajiya ta saƙa, na roƙi likita ya gaya masa ya ci gaba da riƙe mini yaron. Kaka biyu ba su yi wa yaro yawa ba a ƙasar da babu dangi.

Mun sauka Kano da hantsi, zafi ya rungume mu tun daga matakalar jirgi. Kafin in cire takalmi jikokin gida sun kewaye ni suna cewa tsoho ya dawo ya ƙara tsufa, ina tsarabar. Na tsaya ina sauraronsu kamar ban taɓa ji ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, abubuwan da muke ɗauka a jini suke, ashe a tsakar gida ake tsintarsu, kuma yaron da ya tashi nesa sai an miƙa masa su a hannu, a hankali. Na koyi cewa ƙauna ma sai an duba ko ta isa inda aka aike ta. Na kuma ga mutanen da ke kama abin da suke so su sake shi, na yi musu dariya, sai ga ni a filin jirgi ina yin irin nasu.

A wurin rabuwar bai yi kuka ba, ni ne na yi. Ya ja rigata na sunkuya, ya ce in shirya, da babban hutu zai zo Kano ya ɗauke matarsa. Na faɗa wa Hajiya a cikin jirgi, na ce ta zaɓa tsakanina da shi. Ta gyara mayafi, ta juya tana kallon taga, ta ce ai ta daɗe da zaɓa, in fara neman wurin zama.